Tsohuwar Hilux mai shan gas: injin 5L ko D-4D, wanne za ka iya riƙewa?

Duk wanda ya fita neman tsohuwar Hilux mai shan gas, musamman samfurin nan da ake kira Vigo wanda Toyota ta yi ta ƙerawa daga 2004 zuwa 2015, zai riƙa cin karo da motoci biyu masu kama ɗaya kamar an tsaga kara. Bodi ɗaya ne, sifirin ɗin baya iri ɗaya, fitilu iri ɗaya. Sai an ɗaga bonet ake ganin inda suka rabu. Ɗaya tana ɗauke da injin 5L-E, ɗan gidan tsofaffin injinan nan 2L da 3L da kanikawanmu suka daɗe da laƙanta. Ɗayar kuma tana da 2KD-FTV, wanda aka fi sani da D-4D. Lambar samfurin da ke kan ɗan farantin motar ma tana faɗa: idan ta fara da LAN, 5L-E ne, idan KUN ce, injin KD ne, wato dangin D-4D, TGN kuwa mai fetur ce, ba ta cikin zancenmu.

Dillali zai cika maka kunne da maganar fenti da taya da sanyin cikin mota. Abin da zai raba maka gardama kuwa tambayoyi uku ne: a ina za ka riƙa shan mai, wane bakanike ne kusa da inda motar za ta yi aiki, kuma wane irin lodi za ta riƙa ɗauka. Injin 5L yana da haƙuri da man da ba shi da tsabta, amma ba ya yafe zafi. D-4D yana da ƙarfi da tsimin mai, amma ruwa kaɗan a cikin gas yana iya jawo maka gyaran da zai cinye ribar watanni.

Yadda kowanne ke shan mansa

5L inji ne mai silinda huɗu, girmansa cc 2,986, bawul takwas, babu turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Famfon da kanikawa ke kira injekta shi ke raba wa nozul huɗu mai ɗaya bayan ɗaya, kowane nozul kuma sifirin ne ke riƙe da allurarsa, sai matsin mai ya kai kimanin bar 150 (bar ma'aunin matsi ne) yake buɗewa. Man yana fara faɗawa cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke jikin tof silinda, ya kama wuta a can, sannan ya fito kan fistin.

2KD ya fi shi ƙanƙanta, cc 2,494, amma bawul 16 gare shi da turbo. Famfonsa yana tara mai cikin wani bututun ƙarfe mai kauri guda ɗaya, inda matsi ke haura bar 1,300, kwamfutar motar kuma ita ke buɗe kowane nozul da lantarki ya fesa kai tsaye kan fistin. Kusan ninki tara ke nan na matsin 5L. Domin a riƙe irin wannan matsi, sassan cikin famfon da na nozul an ƙera su dab da juna har ido ba ya ganin tazarar da ke tsakaninsu. Ƙurar da za ta wuce ta cikin nozul ɗin 5L ba tare da ya ji ba, a nan karce ƙarfe take yi.

Akwai kuskuren da ake yawan yi: a ɗauka duk injin da ake kira 5L ba shi da kwamfuta. Tsohon 5L na Hilux ɗin da ta gabaci Vigo haka yake, igiyar totur ce ke jan injekta, waya ɗaya ce ke buɗe mai da rufe shi. Amma 5L-E, harafin E ɗin nan na nufin lantarki ne. Yana da kwamfuta da sensoji, injektansa kuma yana da bawul ɗin lantarki guda biyu, ɗaya na auna yawan mai, ɗaya na saita lokacin fesawa. Nozul ɗinsa dai na sifirin ne kamar na da. Wasu idan injektan ya gaji sukan cire shi su ɗaura na tsohon 5L ko na 3L su ja igiyar totur. Motar takan tashi ta yi aiki, amma idan ba a saita lokacin fesawa da agogon awo ba, sai ta riƙa baƙin hayaƙi tana ɗaukar zafi, an gudu ba a tsira ba.

Mai da filta

Famfon injinan biyu da gas ɗin kansa yake samun santsi, babu baƙin mai a cikinsa. Saboda haka gas ɗin da aka gauraya da kananzir yana cin famfon kowannensu, don kananzir ba shi da maiƙon da gas ke da shi. Bambancin yana wajen abin da ke biyo baya. Injektan 5L idan ya ci, ana kwance shi a kai wa masu gyaran injekta, su canja abin da ya lalace, su saita shi a kan injin gwaji. Na D-4D idan ya fara zubar da garin ƙarfe, garin yana bin mai ya shiga bututun tarawa, ya shiga nozul huɗun, ragowar ya koma tanki ta bututun da ke mayar da mai. A lokacin sai an sauke tanki an wanke, an wanke bututu, an canja famfo da nozul gaba ɗaya. Wanda ya canja nozul kawai ya bar tankin, bayan 'yan makonni zai sake saye.

A ƙasan filtar gas ta kowacce akwai wurin da ruwa ke kwanciya, da wata fitila a dashbod da ke kamawa idan ya cika. Kada a jira fitilar. A ajiye gwangwani a ƙasa, a sassauta maƙullin robar da ke gindin filtar zagaye biyu, a riƙa danna famfon hannu da ke samanta har sai gas mai tsabta ya fito, sannan a ɗaure da hannu, ba da filaya ba, don roba ce tana tsagewa. Mai shan gas a jarka ko wajen 'yan bumburutu ya riƙa yin wannan duk mako, da damina kuma fiye da haka. Filtar D-4D a canja ta duk kilomita 10,000 matuƙar ba a tabbatar da man ba, kuma ƙara wata filta mai raba ruwa a gaban ta kamfani shi ne kuɗi mafi amfani da mai wannan injin zai kashe. Filtar jabu a kan 5L tana rage masa kwana a hankali. A kan D-4D kuwa nan da nan take nuna kanta.

Idan mai ya ƙare a hanya, 5L yana buƙatar a danna famfon hannu har ya yi tauri, a sassauta notin bututu biyu a bakin nozul, a yi kik har mai ya tsarto, a ɗaure. D-4D famfon hannun kawai ake dannawa har ya yi tauri a yi kik, yana fitar da iskarsa da kansa. Kada kowa ya sassauta bututun D-4D inji yana aiki, ko ya sa yatsa yana neman inda mai ke yoyo. Man da ke fitowa da wannan matsi yana huda fata ya shiga tsoka, raunin kuma na tiyata ne.

Aikin nozul

A nan ne tazarar ta fi faɗi. Nozul ɗin 5L a waje yake, a gefen tof silinda. Ana kwance shi da soket, a ɗora shi kan famfon gwaji na hannu, a ga a nawa yake buɗewa, a ga ko yana fesawa kamar hazo ko yana ɗiga. Idan bakinsa ya ci a canja bakin, a daidaita matsin da 'yan siraran wosha, a mayar da sabuwar woshar zama. Aikin yini guda ne, kuma da wuya a rasa mai yin sa a kowane babban gari.

Na D-4D yana ƙarƙashin murfin bawul, jikinsa cikin baƙin mai. Kowane nozul yana da lambarsa da aka buga a kansa, wadda ke gaya wa kwamfuta ainihin yadda shi wannan nozul yake fesawa. Idan aka sa sabo, ko aka sauya musu wuri, dole a shigar da lambar da na'urar duba mota. In ba haka ba inji zai riƙa ƙara kamar ana buga guduma da safe, yana hayaƙi. Na'urar ce kuma ke nuna lafiyarsu ba tare da an kwance komai ba: akwai adadin gyaran da kwamfuta ke yi wa kowace silinda a sulo, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin -3 da +3. Wanda ya fita wannan iyaka ya gaji. Barinsa haɗari ne, domin nozul mai zubar da mai fiye da kima yana ƙona kan fistin har ya tsage shi.

Sai kuma wata 'yar woshar tagulla da nozul ke zama a kanta, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba amma ta kashe injinan KD da yawa. Idan ta fara yoyo, iskar ƙonuwa tana bi ta gefen nozul ta haura cikin baƙin mai, ta dafa shi ya zama baƙin dunƙule kamar kwalta. Dunƙulen yana gangarawa kaskon mai ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta cikinta. Direba ba ya ganin komai sai ranar da fitilar mai ta kama, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa ya narke, inji ya buga. Alamar farko ita ce farin hayaƙi da ɗan ƙara idan an tayar da motar bayan ta kwana. Duba ta ba wuya: duk ranar da aka juye baƙin mai, a haska tocila ko a zura ƙaramar kyamara ta ramin juyewar, a kalli rariyar. Idan ana ganin ramukanta sarai, lafiya lau. Idan ta yi baƙi ta cushe, a sauke kaskon a wanke, a canja woshoshin huɗu da robobinsu. Duk lokacin da aka cire nozul sabuwar wosha ake sawa, a goge mazauninta tas, a ɗaure maƙallin da sifana mai awo a kan Nm 22 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne). Ɗaurin ƙiyasi a nan gyaran gangar auzinawa ne.

Wani abin da ke yawan damun D-4D shi ne bawul ɗin SCV da ke bayan famfo, wanda ke auna man da famfon zai zuƙa. Idan ya fara maƙalewa sulo yana hawa yana sauka, mota tana mutuwa idan an rage gudu, ko ta ƙi karɓar wuta a kan hawa. Ƙusoshi biyu ne ke riƙe da shi, kuma da yawa an canja nozul huɗu a banza alhali shi ne mai laifin. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, shi ma yana tara baƙin danƙo a bututun shigar iska, sai an kwance an kankare. Turbo kuwa abu biyu yake so: baƙin mai mai tsabta, da a bar inji a sulo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe bayan doguwar tafiya ko jan kaya. Da hunturu a riƙa cire filtar iska ana hura ta daga ciki zuwa waje; ƙurar da ta tsallake filta fukafukan turbo take fara ci.

Zafi, inda 5L ke da rauni

Waɗannan ƙananan ɗakunan ƙonuwa da ke jikin tof silindar 5L suna tara zafi wuri ɗaya. Idan inji ya tafasa sau ɗaya ko biyu, tof ɗin yakan tsage tsakanin bawul ko a bakin ɗakin. Alamunsa: ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa tana tasowa a bakin lagireto inji yana sulo, tiyon sama yana nan da tauri da asuba bayan mota ta kwana. Kuma da yake injin ba shi da ƙarfi sosai, direba yakan take totur har ƙasa a kan hawa da cikakken lodi, wanda shi ne daidai yanayin da ke haifar da zafin.

Sanadin kusan kullum ɗaya ne daga cikin abubuwa huɗu. Lagireton da aka daɗe ana zuba masa ruwan rijiya har bututunsa suka toshe da gishiri da tsatsa. Murfin lagireto da robarsa ta mutu. Fanbel da ya saki. Sai kulocin fanka, wanda yake da wani mai mai kauri a ciki: idan man ya tsiyaye, fanka tana juyawa a ido amma ba ta jan iska. A gwada shi inji yana da zafi bayan an kashe. Idan aka tura fankar da yatsa ta yi ta juyawa sakaka, kulocin ya mutu. Cire tamostat, wanda wasu ke yi da sunan maganin zafi, ɓoye cutar yake yi na ɗan lokaci, ya kuma bar inji yana aiki da sanyi da safe, ringi yana ci, baƙin mai yana saurin lalacewa. A bar shi a wurinsa, a zuba ruwan lagireto na kwalba.

Idan har ta kai ga sauke tof, gasket ɗin injinan biyu kauri-kauri ne, ana zaɓa ne gwargwadon yadda fistin ya ɗago sama da bulok, don haka a duba alamar da ke gefen tsohon kafin a tafi kasuwa. Ƙusoshin tof na 5L ana ɗaure su daga tsakiya zuwa waje har Nm 78, sannan a ƙara kwata ɗin zagaye, a sake ƙara wani kwata. Na KD Nm 85 ne, da ƙarin kwata biyun. Tof ɗin KD na alminiyam ne, shi ma zafi yana lanƙwasa shi, sai dai ba ya yawan kaiwa can.

5L kuma ya dogara da hita fulogi, masu ɗumama ɗakin ƙonuwa, wajen tashi. Biyu suka mutu, da sanyin Janairu sai an yi ta kik har batir ya yi sanyi, farin hayaƙi ya turnuƙe gida. A cire sandar da ta haɗa su, a auna kowanne da mita: mai lafiya yana nuna kimanin om ɗaya ko ƙasa, matacce ba ya nuna komai. D-4D yana tashi ko da nasa sun yi rauni. Akwai kuma famfon da ke ba birki iska, wanda a 5L yake manne a bayan altaneta yana shan baƙin mai ta tiyo. Idan birki ya yi tauri kwatsam, ko altaneta ta jiƙe da mai, can za a fara dubawa.

Taimin bel da sabis

Dukansu bel suke amfani da shi, kuma a dukansu idan ya tsinke fistin yana dukan bawul. A nan D-4D ne mai sauƙi. Bel ɗinsa gajere ne, daga famfo zuwa kamshaf, alamomi biyu, ba sai an cire fulin karanshaf ba, wa'adinsa kilomita 150,000. Abin da ke tsuke shi yana da mai a cikinsa, ana matsa shi a hankali cikin bais a soka masa fil kafin a ɗaura, amma ya fi kyau a sa sabo. Na 5L dogo ne, yana juya kamshaf da injekta tare, alamomi uku ne za su hau daidai, kuma sai an cire fanka da fuli. A canja shi a kilomita 100,000 tare da fulayen da yake bi da robobin da ke tare mai. Haƙori ɗaya ya goce a wajen injekta, mota za ta tashi amma ba ƙarfi. Ko wanne aka yi, a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku a sake duba alamomin kafin a taɓa makulli. Motar da aka saya ba a san tarihinta ba, a canja bel ɗin tun makon farko, ko me maleji ya nuna.

Baƙin mai kusan ɗaya ne: kimanin lita 7 da filta, 15W-40 na injin gas, duk kilomita 5,000 a hanyoyinmu masu ƙura. Tazarar bawul ana auna ta inji yana da sanyi duk kilomita 40,000. Na shigar iska milimita 0.20 zuwa 0.30 ne a dukansu. Na fitar hayaƙi 0.40 zuwa 0.50 a 5L, 0.35 zuwa 0.45 a KD. Sauran ƙasan mota, wato giris ɗin furofela, man giya, man aksul, bushin da shokazoba, babu abin da ya raba su.

Wa ya dace da wanne

A takarda ƙarfin dokinsu ya yi kusa: 5L-E tsakanin 95 da 105, 2KD na farko 102. A kan hanya kuwa ƙarfin ja ne ke magana. Na 5L-E bai cika Nm 200 ba, 2KD kuma akwai mai 200, akwai mai 260, na ƙarshen zamanin Vigo ya kai 343 da doki 144, kuma yana bayar da shi tun inji bai ɗaga murya ba. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000 da aka hau, shi ya sa 5L mai cike da buhuna ke nishi a Hawan Kibo kan hanyar Jos yayin da D-4D ke wucewa. Wajen shan mai ma D-4D ya fi tsimi, don fesawa kai tsaye ba ta ɓarnar zafi kamar ta ƙaramin ɗaki.

Duk da haka, motar da za ta zauna a ƙauye, tana zirga-zirga tsakanin gona da kasuwannin mako, tana shan gas daga jarka, bakaniken da ke kusa kuma ba shi da na'urar duba mota, 5L ce ta dace da ita, ba tare da wani kokwanto ba. Kayansa sun cika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sabo da na hannu, wasu ma suna shiga daga 3L. Wanda zai riƙa doguwar tafiya a kwalta da kaya masu nauyi, yana shan mai a gidan man da ya yarda da shi, yana kuma da garejin da ke da na'ura da sifana mai awo, D-4D zai mayar masa da kuɗinsa a mai da lokaci, da sharaɗin ya ajiye kuɗin nozul huɗu a gefe tun ranar da ya saya. Babban wansa 1KD mai cc 2,982 duk abin da aka faɗa a kan 2KD ya hau kansa, har ma ya fi shi saurin tsage fistin idan nozul ya lalace.

Kafin a biya kuɗi, a je da sassafe a taɓa inji a tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba. A tayar, a kalli salansa: farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan minti ɗaya, ko shuɗi, magana ce. A buɗe murfin zuba baƙin mai a kifa shi a bakin ramin. Idan iska tana tunkuɗe shi, a 5L ringi ne, a KD kuma yana iya zama ringi ko woshar nozul. A 5L a buɗe lagireto tun yana da sanyi a bar inji yana aiki ana kallon kumfa, a kuma auna matsin silinda: mai lafiya yana kaiwa bar 30 ko sama, ƙasa da 20 aikin inji ne, kuma kada tazarar silinda da silinda ta wuce 5. A KD bar 25 ake nema, 20 ne iyakar ƙasa. A jona na'ura a karanta adadin nozul huɗun inji yana da sanyi, a sake karantawa bayan ya ɗauki zafi. Idan mai motar ya yarda, a biya kuɗin sabon baƙin mai a juye tsohon a gabansa, a haska rariyar.